Ingarman Sayyidina Umar da Jif ɗin Alhaji

 A wannan mako filinmu zai leƙa ƙasar Amurka, domin akwai wata al'ada da ta kafu a can wadda ƙurarta ta ke isowa har ƙofar gidajenmu, ko da ya ke ba kowa ya lura ba. Al'adar kuwa ita ce ta ba da tsohuwar mota sadaka. Mutum ya hau motarsa shekara goma ko fiye, ta fara cin kuɗin gyara, ransa ya raya masa sabuwa. Maimakon ya tsaya ciniki da masu saye, sai ya buga waya ga wata ƙungiyar agaji, ko gidan rediyon jama'a, ko coci. Kafin 'yan kwanaki janwe ya zo ya ɗauke ta daga ƙofar gida ba tare da ya biya ko kwabo ba, ya sa hannu a takardar mallaka, daga baya a aiko masa da shaida wadda zai nuna wa hukumar haraji domin a sassauta masa abin da zai biya a shekarar. Ƙungiyoyin agaji na Musulmi da ke can su ma suna karɓar irin wannan kyauta.

Motar da mu ke so mu kafa misali da ita kowa ya san ta a titunanmu. Ita ce jif ɗin alfarma irin ta ruwa-biyu, watau wadda in ka dube ta daga waje tsayinta da ƙirarta na jif ne, amma gininta na ƙaramar mota ne. Jif na asali ana ɗora jikinsa a kan wani ƙaƙƙarfan gadon ƙarfe kamar na lori, ita kuwa wannan jiki da gado a haɗe su ke, shi ya sa ta fi laushin tafiya a kwalta, ta kuma fi rauni a hanyar daji. Wadda ta buɗe wannan kasuwa ita ce Lexus RX ta kamfanin Toyota. Ta fito a Japan ƙarshen 1997 da sunan Harrier, ta shiga Amurka a 1998 da sunan RX 300, sa'an nan RX 330 ta biyo baya a 2003, RX 350 kuma a 2006. BMW X5 da Acura MDX duk 'yan gidan nan ne. A Amurka motar masu hali ce ta kai yara makaranta da zuwa kanti. A wurinmu kuwa, bayan ta tsufa a can ta ƙetaro teku, ita ce alamar an fara samu: ɗan kasuwa in shago ya tsaya da ƙafarsa ita ya ke saye, ma'aikaci in ya kai matakin darekta ita ya ke hange.

To, in Ba'amurke ya ba da irin wannan mota, ina ta ke nufa? Mai bayarwa ya kan ɗauka cewa wani talaka ne zai hau ta zuwa wurin aiki. Galibi ba haka abin ya ke ba. Yawancin ƙungiyoyin nan ba su ko sa motar a ido. Suna da yarjejeniya da wani kamfani na 'yan kasuwa wanda shi ke amsa waya, shi ke aika janwe, shi ke kai ta filin gwanjo inda dillalan motoci su ke taya ta a farashin sari. Daga kuɗin da aka samu a fitar da na janwe, da la'adar gwanjo, da na talla, da na takardu, da rabon kamfanin. Abin da ya saura shi ne sadakar.

A watan Nuwamba na 2003 ofishin da ke bincikar kuɗi a madadin majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto a kan wannan al'amari, kuma alƙalumansa sun isa a tsaya a duba. A shekarar haraji ta 2000 kaɗai, takardun haraji wajen 733,000 ne su ka nemi rangwame saboda sadakar mota, su ka ƙiyasta darajar motocin a kan dala biliyan 2 da rabi, abin da ya rage wa baitulmalin ƙasar kimanin dala miliyan 654. Masu binciken su ka bi sawun motoci 54 tun daga hannun mai bayarwa har asusun ƙungiya. A cikin kashi biyu bisa uku na waɗannan, abin da ya shiga hannun ƙungiyar bai wuce kashi 5 cikin 100 na darajar da mai motar ya rubuta ba. Akwai wata tsohuwar mota a cikinsu da mai ita ya ce ta kai dala 2,400, aka sayar da ita dala 375 a gwanjo, bayan an cire na cirewa ƙungiyar ta tashi da dala 31 da ɗoriya. Shi ya kwana yana jin ya yi sadakar dala dubu biyu da ɗari huɗu. Abin da mabukata su ka gani ko kuɗin cefanen mako bai kai ba.

Wannan ya sa majalisar ta gyara doka a 2004, gyaran ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2005. Tun daga ranar, in darajar da mutum ya ke nema ta haura dala 500, ba abin da ya ƙiyasta a ransa za a lissafa masa ba, sai ainihin kuɗin da aka sayar da motar, kuma wajibi ne ƙungiyar ta aiko masa da shaida a rubuce cikin kwana 30 da sayarwa, galibi a kan takarda mai lamba 1098-C. An bar ƙofa uku da mutum zai iya neman cikakken farashin kasuwa: in ƙungiyar ta yi aiki da motar da gaske, kamar kai wa tsofaffi abinci, ko ta yi mata babban gyara da ya ƙara mata daraja, ko ta ba wani mabukaci kyauta ko a farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na kasuwa. Wata dokar haraji ta 2017 kuma ta kusan ninka rangwamen bai-ɗaya da kowa ke samu ba tare da ya lissafa sadakokinsa ɗaya bayan ɗaya ba, har ya zama mafi yawan masu biyan haraji ba su ƙaruwa da komai ta wannan fuska in sun ba da mota.

Ba mu ga laifi ga Musulmin da ke zaune can ya karɓi sassaucin da doka ta ba shi ba, muddin abin da ya rubuta gaskiya ne, kuma ba dominsa ya bayar ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne tambayar da 'yan majalisar su ka koma yi bayan sun ga asara: nawa ne ya isa? Malamanmu sun riga su yin wannan tambaya da ƙarni goma sha.

Kafin mu zo nan, ga inda ƙurar ta ke iso mu. Filayen gwanjon da ake kai motocin sadaka su ne kuma ake kai motocin da kamfanonin inshora su ka karɓe bayan hatsari ko ambaliya, kuma daga irin waɗannan filaye ne dillalai da yawa su ke sayen abin da su ke lodawa a jirgin ruwa zuwa Ikko da Kwatano da Lome. Wani rahoto na hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. Tashar Kwatano ta daɗe tana ciyar da kasuwannin Nijar da na arewacin Nijeriya, har gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in jif ɗin da Alhaji ya ke taƙama da shi yau ya kasance an taɓa yin sadaka da shi sau ɗaya a wata unguwa ta Amurka. Yanzu kuma ga shi ya sake tsufa a hannun Alhaji, shi ma yana tunanin ya miƙa shi ga gidan marayu, ko makarantar Islamiyya, ko kwamitin masallaci, ko limamin unguwa. Niyya ce kyakkyawa, muna kuma fatan ta yawaita. Amma mu ji wani labari tukuna.

Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim su ma sun kawo. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya ba wani mutum ingarman doki na asali domin ya hau saboda Allah. Bayan wani lokaci ya tarar dokin ya lalace a hannun mutumin. A wata ruwaya ta Muslim an bayyana cewa mutumin mai ƙaramin ƙarfi ne. Umar ya ga alama zai sayar da shi da araha, ya yi sha'awar ya saye abinsa, amma ya fara tambayar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Aka hana shi, ko da kuwa a kan dirhami guda za a sallama masa, aka kuma kwatanta mai komawa ga sadakarsa da karen da ke komawa ga amansa.

Masu wa'azi sun saba ɗaukar ƙarshen labarin, watau hanin komawa ga sadaka, za mu kuma zo gare shi. Mu tsakiyarsa ce ta fi damun mu. Ga mai bayarwa wanda babu mai shakkar ikhlasinsa. Ga kyauta wadda ba ta da aibi, doki ne na gani na faɗa. Ga mai karɓa wanda ya cancanta. Duk da haka dokin ya rame, domin ingarma ba ya cin addu'a, dawa ya ke ci da harawa da kanwa, yana son barga da mai yi masa hidima. Duk wanda ya tashi a gidan sarauta ko kusa da shi ya san cewa sayen doki shi ne mafi sauƙin al'amarinsa. Mutumin da bai ƙoshi da iyalinsa ba, in ka ɗaura masa ingarma a ƙofar gida, ka ƙara masa baki ne, kuma bakin da ya fi na kowa ci.

Jif ɗin alfarma shi ne ingarman zamaninmu. Mu ɗauki tsohuwar RX 350. Injinta silinda shida ne, mai girman lita 3 da rabi. Tana sabuwa, a kan titin Amurka, lita ɗaya ta fetur ta kan kai ta wajen kilomita 9. In ta tsufa ta shiga cunkoson Kano da na'urar sanyi a kunne, kada ma a yi zancen hakan. Zuwa Kaduna daga Kano da dawowa, wajen kilomita 460, sai ta sha sama da lita 50. Tankinta na ɗaukar wajen lita 72. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya yi ta hawa har lita ta haura Naira 1,000 a garuruwa da dama ƙarshen 2024, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin wannan shekara Naira 70,000 ne. Watau a lokacin cika tankin nan sau ɗaya ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata cur. Ba a zo maganar baƙin mai ba, da manyan tayoyinta, da inshora da sabunta takardu, da albashin direba. Tsofaffin samfurin, RX 300 da RX 330, suna da bel a cikin inji wanda dole a canza shi in ya cika wa'adinsa. In giyarta ta tashi, ko ƙwaƙwalwar lantarkinta ta rikice, ba kowane bakanike ke iya taɓa ta ba, kuma wanda ya taɓa zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman kayanta ya san ba a yi mata ciniki irin na talaka. Wadda ke haɗa fetur da batir kuwa, ranar da batirin ya mutu sai a yi jana'iza.

Yanzu a ɗauki wannan a miƙa wa gidan marayu mai yara arba'in wanda da ƙyar ya ke haɗa kuɗin masara da sabulu. Mutum biyar kaɗai ta ke ɗauka. Ba ta kwashe yara zuwa makaranta, ba ta ɗaukar buhuna masu yawa, makara ba ta shiga cikinta yadda ya kamata. Wata uku na farko za a yi ta murna. Ranar da ta tsaya, shugaban gidan yana da zaɓi biyu: ya taɓa kuɗin abincin yara ya gyara ta, ko ya bar ta a gindin darbejiya. Ku zaga harabar masallatai da makarantu da ofisoshin ƙungiyoyi ku ƙirga motocin da su ka zauna a kan duwatsu, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashi, ga sunan mai kyauta da manyan baƙaƙe a jikin ƙofa bai ko goge ba. Kuma ba a iya sayarwa, domin ana jin nauyin Alhaji.

Wani zai ce, to ashe ba a sadaka da abin da aka yi amfani da shi ke nan? A'a, ana yi. Tsufa ba shi ne aibi ba. Tsohuwar mota mai lafiya dukiya ce ta miliyoyin Naira, kuma wanda ya fitar da ita daga hannunsa alhali yana iya sayarwa ya sa kuɗin a aljihu ya yi abin yabo. Abin da aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta hana shi ne mutum ya tsamo mafi lalacewar abin da ya mallaka ya nufi Allah da shi. Malaman tafsiri sun ruwaito daga Bara'u ɗan Azib cewa mutanen Madina sun kasance suna rataye zangarniyar dabino a masallaci domin talakawan Suffa, sai waɗansu su ka riƙa kawo busasshe da wanda ya lalace, a kan haka ayar ta sauka. Ma'aunin da ta kafa mai sauƙi ne, kowane ɗan kasuwa ya san shi: in da kai ake bin wani bashi ya kawo maka wannan abin a matsayin biya, za ka karɓa da daɗin rai? In jif ɗin nan giyarsa na fizga, inji na shan mai, ruwan ambaliyar wata ƙasa ya taɓa cin wayoyinsa, dillali ya gaya maka ba zai sayu ba sai da faɗuwa, sa'an nan ka tuna da marayu, to ka san abin da ka yi. Ka kwashe shara ne daga ƙofar gidanka ka zuba a ƙofar gidansu, kana kuma jiran a yi maka godiya a lasifika. In kuwa tana da aibi kaɗan wanda ba ya hana amfani, faɗi shi a fili kamar yadda shari'a ta wajabta maka faɗi in sayarwa za ka yi. Wanda aka ba kyauta kunya ta kan hana shi buɗe inji, saboda haka nauyin bayani ya fi ƙarfi a kanka.

Mazhabarmu ta Malikiyya tana da faɗi a wannan babi. Ta halatta hubusi, watau wakafi, a kan abin da ake iya ɗauka da dabbobi, ba sai gida ko gona ba, ta kuma halatta a yi shi na ɗan lokaci. Daga hujjojin malamai akwai shaidar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Halidu ɗan Walidu cewa ya tsare sulkunansa da kayan yaƙinsa saboda Allah. Ke nan mutum yana iya cewa motar nan hubusi ce ga asibitin garinmu, ko kuwa na ba makarantar nan amfaninta shekara biyu. Amma a duba yadda malaman su ka bi da dokin hubusi. A Muhtasar na Shehu Halil an yi bayani cewa dokin da aka tsare domin jihadi da makamantansa baitulmali ne ke ciyar da shi. In babu baitulmalin da zai ɗauki nauyin, sai a sayar da shi a sayi makami da kuɗin, domin makami ba ya cin abinci. Haka kuma duk abin hubusi da ba ƙasa ko gini ba, in ya daina amfani, a sayar a sa kuɗin a cikin irinsa ko wani yanki na irinsa. Ba su yarda a bar dukiyar Allah ta mutu a tsaye don ganin idon wanda ya bayar ba. Kafin a karɓi doki sun tambayi wa zai ciyar da shi.

Bisa wannan, shawararmu ga mai jif ita ce ya fara zuwa wurin waɗanda ya ke son taimaka ya tambaye su abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, ya kuma ba su damar faɗin gaskiya. Sau da yawa amsar ba mota ba ce. In haka ne, ya sayar da ita da kansa. Nan ne darasin Amurka ya fi amfani: asarar da aka yi a can ta faru ne domin mai mota ya guje wa wahalar ciniki, ya bar ta ga gwanjo da 'yan tsakiya. Kai ɗan kasuwa ne, ka san dillalai, ka san lokacin da kasuwa ta ke sama, babu mai taya maka kayanka a wulaƙance. Kwamitin masallaci kuwa in su su ka kai ta kasuwa, kowa ya san ba da guminsu su ka saya ba, a rabin kuɗi za a raba su da ita. Wahalar da ka sha wajen neman mata farashi mai kyau ita ma tana cikin sadakar. Kuɗin jif ɗaya mai lafiya yana iya haƙa rijiyar burtsatse, ko ya sayi babura masu ƙafa uku da za su riƙa kawo wa gidan marayu kuɗin shiga kullum, ko ya zama rabin kuɗin bas da za ta ɗauki yara da marasa lafiya da gawa. In kuwa lalle motar ce ake bukata, kamar likitan da ke zaga ƙauyuka ko malamin da ke fita wa'azi, to a kai ta gareji a gyara ta tsaf kafin a miƙa, a kuma haɗa ta da abin ciyar da ita: hayar wani shago, ko wani adadi da za a riƙa bayarwa duk wata, a rubuce. Jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da wakafi da aka kafa da doka, ana iya neman su shaida irin wannan rubutu.

Sai wata mas'ala da ta shafi 'yan kasuwa musamman. Kada a ce za a ba da motar a madadin zakka. Motar hawa ba ta da zakka a kanta, kamar yadda dokin hawa ba shi da ita. Mai sayar da motoci kuwa hajarsa ce: in mai juya kaya ne kullum, ya yi musu kima duk shekara ya haɗa da kuɗin hannunsa ya fitar da ɗaya cikin arba'in, in mai ajiyewa ne yana jiran kasuwa ta tashi, sai ranar da ya sayar ya fitar da ta shekara guda. Abin da ya shahara a mazhabarmu shi ne kaya ba su isar wa mutum a madadin zakkar kuɗi. Malaman Hanafiyya sun sauƙaƙa a ba da kima, amma ko a wurinsu kimar gaskiya ake nufi, ta kasuwar ranar. Wanda zakkar Naira miliyan 10 ta hau kansa, ya ɗauko jif ɗin da ba zai wuce miliyan 6 ba ya ce ai da miliyan 10 na saye shi, ya yi daidai da Ba'amurken nan mai dala 2,400, sai dai shi wanda ya ke wa wayon ba hukumar haraji ba ce. Bayan haka zakka tana da masu ita, kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma motar ofishin kwamiti ko ta ginin masallaci ba ta cikinsu a wurin mazhabobi huɗu.

Ma'aikatan gwamnati kuma ga naku. In da bashin banki ko na ofis aka sayi motar ba a gama biya ba, a gama tukuna. Malamanmu sun hana wanda bashi ya kewaye dukiyarsa yin kyauta da ita, domin haƙƙin masu bin sa ya riga. In kuwa kuɗin da aka saye ta da su na jama'a ne da su ka bi ta wata hanya, ba sunanta sadaka ba, mayarwa ake yi.

Kyauta kuma a wurin Malikiyya ba ta kammala sai an karɓe ta hannu da hannu tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, bai kuma tsiyace ba. Muwaɗɗa ta kawo cewa Sayyidina Abubakar ya ba 'yarsa Nana A'isha, Allah ya ƙara musu yarda, wasƙi 20 na dabino daga gonarsa ta Gaba, ba ta kai ga girbewa ta karɓa ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya gaya mata cewa yanzu ya zama dukiyar magada. In wannan ya faru tsakanin Siddiƙu da Uwar Muminai, ina ga Alhajin da ya yi shela a taron saukar karatu cewa ya ba makaranta motarsa, amma makulli da takardu suna cikin durowarsa, direbansa kuma yana ci gaba da kai uwargida unguwa da ita? Ranar da ya faɗi, 'ya'yansa za su ce gado ce, kuma alƙali zai ba su gaskiya. Wanda ya bari sai yana kan gadon ciwon ajali kuwa, kyautarsa ta koma hukuncin wasiyya, ba ta wuce sulusin abin da ya bari. Saboda haka a miƙa makulli, da takardun kwastan, da na mallaka, a je ofishin lasisi a canza suna, a sa shaidu biyu. Canza sunan kariya ce ga mai bayarwa shi ma, domin in motar ta yi hatsari ko aka aikata wani laifi da ita, wanda sunansa ke takarda shi 'yan sanda za su fara nema. Sunan ƙungiya za a rubuta, ba na shugabanta ba, a kuma faɗi aikin da aka ba da ita dominsa, don kada a wayi gari motar marayu ta zama ta kai 'ya'yan shugaba makaranta.

Saura ƙarshen labarin Umar. Ya kan faru bayan shekara guda kwamiti ya gaji da gyara ya yanke shawarar sayarwa, mai kyautar ya ji labari, ya ce ai ni na san lafiyarta, ku kawo in saya. Su kuwa ba za su iya yi masa tsada ba, shi ya ba su. Wannan rangwamen na kunya shi ne abin da malamai su ka ce hanin ya zo ya toshe, domin da shi mutum ya ke janye wani yanki na abin da ya riga ya fitar. A mazhabarmu sayen sadakarka makaruhi ne, waɗansu malamai ma sun ce haramun ne, kuma aika ɗa ko yaron shago ya saya a madadinka bai canza komai ba. Hanya ɗaya da ta ke dawo maka ba tare da laifi ba ita ce gado, kamar ka ba ɗan'uwanka mabukaci, ya rasu, kai ne magajinsa. In ka ji za su sayar, abin da ya rage maka shi ne ka nemo musu mai saye na kirki, ka tsaya a kan cinikin kamar motar tana hannunka, kuɗin kuma su shiga asusunsu gaba ɗaya.